Nono a Kan Famfon Mai

Tun da abin nan ya faru da mu a hanyar Zango, duk wanda ya shigo gidanmu jaje sai ya tambaye ni, yana danne dariya, wai da gaske ne nono na ba mota ta tashi. Ƙannena sun mayar da zancen wasa. 'Yan ajinmu na Islamiyya kuma cewa suke yi ashe kanikanci ba wani abu ba ne, ƙwaryar nono ce kawai da ɗankwali. Ni dai har yanzu ban iya dariyar ba. A ranar mahaifina yana kwance a kujerar baya, kububuwa ta sare shi a hannu, allurar da za ta cece shi tana Daura, mota kuma ta mutu mana a tsakiyar daji da rana tsaka. Ko yau, in na ji injin mota ya ɗauke a ƙofar gida sai gabana ya yanke ya faɗi. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda sana'ar take, ku san abin da ke bayan ƙwaryar nonon.

Mahaifina shi ne Malam Idi makaniki, mai gareji a ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin hanyar fita gari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ƙaninsa ma, Baffa Sule dillalin shanu, haka yake kira na, amma shi da tsokana yake yi. In ya shigo gida sai ya durƙusa a gabana ya ce, "Uwata, a sa mini albarka, yau kasuwa ta ƙi."

Aikin farko da na taɓa yi wa Baba, a kan tsohon farantin Umma na yi shi. Ina aji uku na sakandare a lokacin, shekarar da ba mu ƙara ganin irinta ba. Mai ya yi wuya, direbobi suka jingine motoci. Masu hali kuma suka koma sayen motocin Kwatano waɗanda ba su da kafireta, sai an sa musu na'ura kafin a san ciwonsu. Yaran da ke koyon aiki a wurin Baba suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu babur ya shiga acaɓa. Wata rana da yamma ya dawo gida da kafireta a cikin buhu, ya zauna a kan tabarma yana ƙoƙarin kwance ta, idonsa ba ya ganin ƙananan sukurori sosai in rana ta yi sanyi. Na ce ya kawo in riƙe masa. Ya dube ni ya ce, "Uwata, abin nan ba tsintar shinkafa ba ne." Na ce ai tsintar shinkafar ma ba kowa ya iya ba. Sai ya miƙo mini sukudireba.

Kafireta ita ce inda fetur da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji, kamar yadda ake dama gari da ruwa kafin a zuba a tukunya. A cikinta akwai ƙananan ƙarafuna masu huda kamar ta allura. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, mota ta kwanta. Kayan aikina ba su da yawa: sukudireba biyu, ƙaramin sifana, tsohon buroshin goge haƙori, da gwangwanin tumatir na zuba fetur. Doka ta farko da ya kafa mini ita ce kada in kuskura in zura waya a cikin hudar nan, sai dai in hura da baki. Ta biyu, duk abin da na kwance in jera shi a faranti daga dama zuwa hagu, in zan mayar in faro daga hagu. Na yi wata da watanni bakina yana warin fetur, Umma tana cewa wa zai ci tuwon da wannan hannun ya tuƙa.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ko'ina zancen inda ya dace mace ta tsaya ake yi. Baba bai yi gaban kansa ba, ya je ya tambayi limamin unguwarmu. Liman ya ce masa neman halal ba laifi ba ne, in dai akwai sutura kuma babu cuɗanya. Sai Baba ya kafa zana a bayan gareji, ya sa mini benci da inuwa. In na taso makaranta nan nake zama da hijabina, ana miƙo mini aiki ta saman zana, ina miƙa shi in na gama. Amfanin da zanar nan ta yi mini, ban san shi ba sai daga baya. Ba na ganin motocin, jin su nake yi. Na san kukan motar da wutarta ta yi rauni, na san na wadda datti ya shaƙe, na san tarin wadda aka sa wa man 'yan bumburutu da ya kwana a rana. Wani lokaci Baba yakan ɗaga murya ya ce, "Na bayan zana, me kika ji?" In na faɗa daidai sai ya yi shiru. In na kuskure sai ya ce in ƙara saurare.

Motar Ɗanjuma direba ita ta koya mini ciwon da nake son ba ku labari. Tsohuwar mota ce mai kujera layi uku, yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Baure. Da sanyin safiya lafiya lau take tafiya. Amma in bazara ta yi, ya tsaya a Zango fasinja suka yi azahar, to in an dawo sai ta ƙi tashi. A yi ta murza makulli, a yi ta turi, a banza. Sai an gaji an koma inuwa an zauna, can sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Ya canza fulogi, ya canza batir, har turare ya sa aka yi mata.

Ranar da ya kawo ta ina jin su ta bayan zana.

"Malam Idi, motar nan ta fi ni tsoron Allah," in ji Ɗanjuma. "Mu farilla muke yi mu taso, ita sai ta tsaya nafila."

"To ka riƙa jiran ta mana, ko ka samu ladan."

"Fasinja ba sa jira, Malam. Jiya wata tsohuwa ta ce in ban iya mota ba in koma jaki."

Baba ya sa shi ya zagaya gari da ita har ta yi zafi, ya dawo ya kashe. Suka zauna suka ci goro. Da aka murza makulli kuwa ta ƙi. Sai Baba ya ce wa Ɗanjuma ya je ya sayo ruwan leda a bakin tasha, da ya tafi ya kira ni in fito in gani da idona.

Abin da ya nuna mini ke nan. Ciwo uku ne suke kama da juna: rashin wuta, datti, da zafi. Ya zare wayar fulogi ya kusanta ta da jikin inji, aka murza, wuta ta yi tsalle shuɗiya. To ba wuta ba ce. Ya cire murfin da ke saman kafireta ya ce in leƙa maƙogwaronta, ya ja totur da hannu. In da mai a ciki, za ka ga ya yi tsartuwa kamar an matsa lemo. Babu ko ɗigo. Sai ya ce, "Saura biyu. Datti ba ya warkewa don an huta. Wannan kuwa in ta huta tana warkewa. Me ya rage?" Na ce zafi. Ya kama hannuna ya kai kusa da famfon mai, wato ɗan abin da ke manne a gefen inji yana zuƙo fetur daga tanki yana tura shi sama. Ban iya taɓa shi ba don zafi.

"Fetur ba ruwa ba ne, Uwata," ya ce. "Ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya tafasa. In mota tana gudu, iska tana shiga, sabon mai mai sanyi yana tahowa daga tanki. Da an kashe ta, fanka ta tsaya, duk zafin injin sai ya taru a nan. Man da ke cikin famfo da bututu ya tafasa ya zama tururi. Famfo kuwa mai ya iya turawa, bai iya tura iska ba. Sai ya yi ta bugawa a banza."

Da Ɗanjuma ya dawo na koma bayan zana, amma ina leƙe. Baba ya jiƙa tsumma ya naɗe famfon da bututun, yana ɗiga ruwa a hankali. Ya gargaɗe shi kada ya taɓa watsa ruwan sanyi a jikin injin kansa, zai iya tsagewa. Bayan ɗan lokaci ya zuba fetur kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, a maƙogwaron kafireta. Bugu ɗaya ta tashi.

Wannan agajin hanya ne, ba shi ne gyara ba. Gyaran ya ci mana yini biyu. Wani can baya ya sake wa motar bututun mai, ya bi da shi ta jikin bututun hayaƙi don ya fi kusa. Muka janye shi muka zagaya da shi ta nesa. Baba ya yanko gwangwanin man gyaɗa ya yi garkuwa tsakanin famfo da inda zafi ke fitowa. Aka wanke lagireto. Sai abu na ƙarshe, wani baƙin faifai mai kauri da ake sawa tsakanin famfo da jikin inji don ya tare zafi. Na motar Ɗanjuma an yar da shi tun tuni. Ba a sayar da irinsa kuma, don motocin sun tsufa, ko a Kano sai an dace. Baba ya samo masa a jikin wata matacciyar mota. Tun daga nan motar Ɗanjuma ta daina nafila.

Irin waɗannan su ne mutanenmu. Waɗanda suka rage da tsofaffin motoci ba masu kuɗi ba ne: direbobin ƙauye, malaman makaranta, masu kai gyaɗa da gero kasuwa. Wani in an gama masa aiki, sai kaka ta yi za ka ga ya aiko da damin gero. Wani kaza. Baba bai iya ganin mutum ya kwana a gareji saboda rashin ƙaramin ƙarfe ba, kuma a nan halinsa yake. Yana da tasa motar, tsohuwa, irin ta Ɗanjuma. In abu ya gagara samuwa, sai ya buɗe tasa ya cire ya sa wa mai mota, ya ce in ya samu wani zai mayar. Umma takan ce, "Malam, wata rana za mu wayi gari mu tarar sitiyari kaɗai ya rage." Shi kuma ya ce ai sitiyarin ma in an matsa masa zai bayar.

A farkon bazarar bana wani malamin firamare daga Baure ya kawo motarsa da wannan ciwon, matarsa tana da tsohon ciki, yana tsoron ranar da zai buƙaci motar ta ƙi shi. Baba ya cire baƙin faifan tasa motar ya sa masa. Daga nan motarmu ta kamu da ciwon da muke warkar da na wasu. Shi bai damu ba, don ya san lallaɓa ta. Da sassafe yake fita da ita, ko bayan la'asar, in kuma ta yi zafi ba ya kashe ta sai ya iso inda za shi.

Sai ya ji labarin wata matacciyar mota irin tamu a Babban Mutum, a bayan rumbunan wani manomi. Ya ce ranar Juma'a za mu je, tunda gareji ba aiki sosai, mu fita da asuba, ya ciro faifan, ya yi Juma'a a can, mu dawo da yamma. Ni zan gaida Gwaggo, yayarsu da ke aure a garin, in kuma riƙe masa kayan aiki. Baffa Sule ya ji za a yi tafiya ba kuɗin mota, ya ce shi ma akwai bijiman da yake son gani.

Matacciyar motar ta daɗe a wurin, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerarta. Hantsi ya yi sosai lokacin da Baba ya kwanta a gefenta ya zura hannun dama ta ƙasan inji yana laluben notin famfo. Ina tsaye da sifana a hannu. Sai na ji ya ce, "Innalillahi," ba da ƙarfi ba, ya zaro hannun. Ɗigon jini biyu ne kawai a bayan hannun. Na ga abar ta sulale ta shige ƙarƙashin rumbu, gajeriya, kalar ƙasa. Mai gidan ya ce kububuwa ce.

Kafin a sa shi a mota hannun ya fara kumbura. Baffa ya karɓi tuƙi, ni na zauna a baya na ɗora kan Baba a cinyata. A wani ƙaramin asibiti da muka tsaya a hanya suka ce ba su da allurar, mu wuce Daura kada mu tsaya ko'ina. A nan na ce wa Baffa ya bar injin a kunne, ya bari. Muka wuce Baure rana tana tsakiyar kai. Baba ya yi amai. Da ya buɗe baki zai yi magana na ga jini a dasashinsa. Daga nan ya daina amsa mini sosai, sai salati a hankali.

Tsakanin Baure da Zango garken shanu ya tare hanya, Fulani masu ƙaura, da jakunansu da kayansu. Baffa ya taka birki. Ku da ba ku yi tuƙi a shekarun wahalar mai ba, ba za ku gane ba. Duk wanda ya riƙe mota a lokacin, hannunsa ya saba, da ya tsaya ko na ɗan lokaci ne sai ya kashe inji don kada mai ya ƙone a banza. Ba tunani ake yi ba. Ina goge wa Baba baki na ji motar ta yi tsit.

"Baffa!"

"Yanzu za su wuce, Uwata."

Garken yana da tsawo. Da na ƙarshe ya tsallaka Baffa ya murza makulli. Ta yi kamar za ta kama, ta yi tari, ta ɗauke. Ya sake. Ya sake. Na san kukan nan, na sha jin sa ta bayan zana, inji yana juyawa lafiya amma babu abin da yake ci. Na ce ya bari haka nan, zai kashe batir. Bai ji ni ba, yana ta murzawa yana kiran sunan Allah. Sai da kukan ya fara ja da baya sannan ya saki. Ya fita da gudu, ya buɗe gaban mota, zafi ya buge shi. Ya ɗauka ruwa take so. Kafin in zame kan Baba daga cinyata in fito, ya juye jarkar ruwanmu kaf a kan lagireto. Ruwan ya bi ƙasa, yashi ya shanye.

Hanya fayau, ba mota ba babur, kowa yana masallacin Juma'a. Wayar Baffa ba sabis. In aka bar motar ta huce da kanta a wannan ranar, sai wajen la'asar. Na leƙa baya, kumburin ya wuce gwiwar hannu.

Baffa ya dafe kai ya ce, "Na kashe ɗan'uwana."

Na ce, "Baffa, buɗe mini but ka miƙo jakar Baba."

Na bi yadda aka koya mini, don ban san wata hanya ba. Ban gwada wuta ba, batir ba shi da sauran ƙarfin da za a ɓata. Na cire murfin kafireta, na leƙa, na ja totur. A bushe. Na nannaɗe hannu da gefen hijabi na taɓa famfo, ya ƙona ni ta cikin yadin. Na buɗe murfin tanki, ya yi huci. To na san ciwon. Abin da babu shi ne ruwa.

Fulanin ba su yi nisa ba, sun ga abin da ke faruwa sun tsaya. Wata dattijuwa ta taho da ƙwarya a ka, ta leƙa tagar baya, ta ga hannun Baba, ta ce, "Subhanallahi, abin ƙasa ne?" Na ce shi ne. Na tambaye ta ko suna da ruwa. Ta ce tun safe suke tafe, gorunansu sun bushe, rijiya sai gaba.

"Inna, me ke cikin ƙwaryar?"

"Nono ne, 'yata. Amma wanda maciji ya sara ba a ba shi."

"Ba shi zan ba ba. Mota zan ba."

Ta dube ni, ta dubi Baffa. Baffa ya ce, "Ba ta, Inna. 'Yar makaniki ce." Ba ta ƙara tambaya ba, ta sauke ƙwaryar ta buɗe faifai. Tsala ne, ya sha ruwa, ga shi da sanyin ƙwarya.

Na zura hannu ta cikin hijabi na zaro ɗankwalina, na tsoma shi, na naɗe famfon da bututun da ke hawa sama. Ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, warin ƙonannen nono ya cika mini hanci. Na riƙa ɗiba da ludayinta ina ɗigawa a hankali, ina kiyaye jikin inji. In ɗankwalin ya yi zafi in cire in sake tsomawa. Dattijuwar ta karɓi faifan tana yi wa famfon fifita kamar mai hura wuta, ba wanda ya sa ta. Na sassauta bututun ta wajen kafireta don tururin ya samu hanyar fita, na tare da tsumma, don in fetur ya ɗiga a kan bututun hayaƙi gobara ce, ga Baba a ciki. Bututun ya yi tsaki, ya yi tsaki, ya yi shiru. Na mayar na ɗaure.

Saura man da za a zuba a maƙogwaro. Na ɗauko tiyo a jakar Baba na zura a tanki na zuƙa da baki, ya cika mini baki har na haɗiye kaɗan. Na tara a ludayin Inna. Ta ce, "Ludayin nan ya tashi daga aiki." Na zuba daidai yadda na ga Baba yana zubawa. In ya yi yawa inji ya shaƙe, in ya yi kaɗan ba zai kai famfo ya kama ba.

Na ce wa Baffa kada ya taɓa makulli da niyyar tayarwa, batir ba zai iya ba. Ya kunna wuta kawai, ya sa giya ta biyu, ya danne kuloci, sai na ce saki ya saki. Maigidan dattijuwar da 'ya'yansa manya suka ajiye sanduna suka kama bayan mota. Na saki murfin gaba ban rufe shi ruf ba don iska ta shiga. Muka tura. Yashi ya hau kwalta a wurin, motar tana da nauyi. Da ta ɗan ɗauki gudu na yi ihu, "Saki!"

Ta yi tsalle, ta kama, ta yi kamar za ta tafi, sai ta fara shaƙewa. Man ludayi ne take ci, na tanki bai iso ba. Ina gudu a gefen taga ina cewa, "Taka totur a hankali, Baffa, a hankali, kada ka danne!" Ta yi tari sau biyu. Na ji kukan ya sauya, ya cika, irin na injin da mai ya iso masa. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Dattijuwar ta biyo mu da ƙwaryar ta tura mini ita ta taga. Baffa ya zura hannu a aljihu, ta ce, "Tafi, kai dai, tafi!" Ko sunanta ban tambaya ba. Sau biyu muka tsaya a hanya na sake jiƙa ɗankwalin, kowane tsayi ina riƙe da hannun Baffa na dama don kada ya kai ga makulli. Da muka shiga Zango ana fitowa daga masallaci, mutane sun cika titi. Baffa ya kwanta a kan ham, kansa a waje yana ihu, "Maciji! Maciji ne!" aka dare mana.

A asibitin Daura aka karɓe shi da gaggawa, aka sa masa allurar a cikin ƙarin ruwa. Likitan ya ce mu yi addu'a, sai jinin ya tsaya za a san inda aka dosa. Umma ta iso, 'yan'uwa suka cika baranda. A duk tsawon hanyar nan hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Sai da na zauna a kan bencin asibiti ya fara, har na kasa riƙe kofin ruwan da aka miƙo mini. Haka ya kwana yana yi.

Da hantsin washegari aka ce jinin ya tsaya, ya buɗe ido, yana neman mu. Muka shiga ni da Baffa. Hannun yana ɗaure a kan matashi, ya yi kamar ba nasa ba. Baffa ya durƙusa a bakin gado ya fara ba shi labari yana kuka, yana cewa shi ne ya kashe motar.

Baba ya ce, da muryar da ƙyar ake ji, "Sule, kai da ma shanu ka iya. Ina motar?"

"Tana waje, Yaya. Ƙudaje sun rufe ta."

"Ƙudaje?"

Sai Baffa ya gaya masa zancen nonon. Baba ya rufe ido, na ga kafaɗarsa tana motsi, na tsorata na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya yake yi.

"Uwata, kindirmo ko tsala?"

"Tsala, Baba."

"Gara haka. Kindirmo kauri gare shi, da ya daskare a kai." Ya ɗan huta. "Kin sassauta bututu?"

"Na sassauta."

"Kin tare da tsumma?"

"Na tare."

Bai ce komai ba, irin shirun da yake yi in amsa ta yi daidai. Ya miƙo hannun hagu ya kama nawa. Na yi ƙoƙarin janyewa don kada ya ji yadda yake karkarwa, ya riƙe.

"Baba, ya ƙi tsayawa tun jiya."

"Bar shi ya yi rawarsa, Uwata," ya ce. "Ai sai da ya gama aikinsa sannan ya fara."